Sanin Ranar Sayarwa: Daga Kasuwan Magani Zuwa Gwanjon Amurka

A ranar Alhamis, 20 ga watan Nuwamba na shekarar 2025, watau ranar da Kasuwan Magani ke ci, wani kamfanin gwanjo mai suna Heritage da ke birnin Dallas na ƙasar Amurka ya sayar da wani tsohon littafin zane na yara a kan kuɗi dala miliyan 9 da dubu 120. Littafin shi ne fitowa ta farko ta Superman, wanda aka buga a shekarar 1939 aka riƙa sayar wa yara a kan senti 10 kacal. Waɗansu 'yan'uwa maza su uku ne suka tsince shi a cikin kwali, ƙarƙashin tsofaffin jaridu, a gidan mahaifiyarsu da ke arewacin Kalifoniya bayan rasuwarta. An kai shi gaban masu tayi ne wata huɗu bayan fitowar sabon fim ɗin Superman, wanda aka fara nunawa a watan Yuli na wannan shekarar.

Duk wanda ya ji wannan labari a ƙasar nan, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne kuɗi sun yi wa Turawa yawa har sun rasa inda za su zuba su. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan zato. Amma fa idan aka ajiye mamaki a gefe, aka dubi yadda ake tafiyar da cinikin, za a tarar cewa mai littafin Superman da mai buhun masara tambaya guda ce ke hana su barci, watau yaushe ya kamata a fitar da kaya. Sai dai shi mai littafi idan ya kuskure ribarsa ce kawai ke raguwa, manomi kuwa iyalinsa ne za su ji a jikinsu cikin watan Agusta.

KASUWAR ALHAMIS

Garin Kasuwan Magani yana cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Kujama, ta wuce Kufana da Idon zuwa Kachia, daga can kuma ta nufi Zonkwa da Kafanchan. Adara da Gbagyi da Hausawa da Fulani duk a nan suke haɗuwa, kowa da abin da ya kawo: masara, dawa, waken suya, doya, citta, awaki da shanu. Rikice-rikicen shekarar 2018, musamman na ranar 18 ga watan Oktoba wanda 'yan sanda suka ce ya ci rayuka 55, sun durƙusar da kasuwar, har gwamnatin jihar ta sake gina ta. Rumfuna sun sake, amma lissafin da ake yi a ƙarƙashinsu shi ne dai na kaka da kakanni.

Lissafin kuwa ga shi. Daga watan Oktoba zuwa Disamba manoma sukan kwararo da amfanin gona a lokaci guda. Ba wai ba su san cewa farashi ya faɗi ba ne. Bashin taki ne ke jiransu, ga kuɗin makarantar yara, ga hidimar Kirsimeti da bukukuwan aure waɗanda aka ɗage har sai an yi girbi. Tun da kowa sayarwa yake so ya yi, mai saye shi ne sarki. Attajirai sukan saye su jibge a sito, su kulle, su koma gida. In an kai watan Yuni da Yuli, rumbuna sun yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, sai a ga manomin nan da ya sayar da buhu-buhu ya dawo yana awon mudu, wani lokaci ma hatsin da ya noma da hannunsa ne yake saye da tsada.

Ko a cikin yini ɗaya ma kasuwa tana da fuska biyu. Da hantsi mai kaya yana da bakin cewa albarka, domin masu tayi suna da yawa, rana kuma tana gaba. Da la'asar sakaliya labari ya sake. Mutumin da ya biya kuɗin mota ya kawo buhu biyar daga ƙauye ba zai so ya sake biyan wani kuɗin ya mayar da su gida ba, 'yan baranda kuwa sun san haka sarai. Saboda haka sukan yi ta zagaye suna taɓa buhu suna wucewa, sai sun ga inuwa ta miƙe, direba ya fara ɗaga murya, sa'an nan su dawo da tayin da aka ƙi da safe, har da ragi.

Citta ita ce ta fi nuna wannan al'amari a fili, domin busasshiyarta tana jure ajiya fiye da hatsi. A ƙasashen Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a da Zangon Kataf ana shuka ta a watannin Afrilu da Mayu, a tone ta in damina ta ɗauke, a tsaga ta a shanya cikin iskar hunturu. Da daminar shekarar 2023 wata cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin yankin, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, har Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da aka yi ta haura naira biliyan 12. Farashi ya ninka ya sake ninkawa, iri ma ya yi wuyar samu a shekarar da ta biyo. Wanda ya rage da tsohuwar citta a ɗaki ya ga kuɗin da bai taɓa mafarki ba, wanda ya sallamar da tasa tun farkon shekara kuwa sai cizon yatsa. Amma a yi adalci, wannan ba wayo ba ne, rabo ne, don babu wanda ya san cutar tana tafe.

Ajiya kuma ba kullum take biya ba. A watan Yuli na shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na tsawon kwana 150. Da aka shiga shekarar 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka a kasuwannin Arewa, waɗanda suka cika sito da tsada suna jiran bazara suka wayi gari kayansu bai kai kuɗin da suka saye shi ba, ga kuɗin haya, ga na maganin ƙwari.

ME YA SA TAKARDA TA YI TSADA

To, a koma Amurka. Jarumin nan Superman ya fara bayyana ne a shekarar 1938, a fitowa ta ɗaya ta wata mujalla mai suna Action Comics. An buga kimanin kwafi 200,000, amma waɗanda ake jin sun rage a duniya ba su wuce ɗari ba. Dalili kuwa shi ne babu wanda ya ɗauke ta a bakin komai. A kan takarda mai arha irin ta jarida aka buga ta, yaro ya karanta ya ba abokinsa, uwa ta share ɗaki ta zubar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an bi gida-gida ana tattara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, bayan yaƙi kuma iyaye da malaman makaranta a waɗansu garuruwa suka riƙa tara irin waɗannan littattafai suna cinna musu wuta, wai suna lalata tarbiyya. Abin da cutar ruɓa ta yi wa citta cikin damina ɗaya, shi sakaci da wuta suka yi wa wannan mujalla cikin shekara ashirin.

Samarin nan biyu da suka ƙago Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 aka ba su suka sallama haƙƙin mallakarsa ga kamfani. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Su ne manoman da suka sayar tun da kaka.

Ga yadda farashin kwafi daban-daban na wannan mujalla ya yi ta hawa. A watan Fabrairu na shekarar 2010 aka sayar da ɗaya a kan dala miliyan 1, karo na farko ke nan da littafin zane ya kai haka. A watan Nuwamba na 2011 aka sayar da na ɗan wasan fim ɗin nan Nicolas Cage a kan dala miliyan 2 da dubu 160. Shi wannan kwafi sace shi aka yi daga gidansa a shekarar 2000, ba a gan shi ba sai bayan shekara goma sha ɗaya, a cikin wani ɗakin ajiya, don haka ana iya cewa ɓarawo ne ya tilasta masa haƙurin da ya jawo masa riba. A watan Agusta na 2014 aka sayar da wani a dandalin eBay a kan dala miliyan 3 da dubu 207, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 kamfanin Heritage ya sayar da wani a kan dala miliyan 6.

Abin da ya ba cinikin intanet ƙafa shi ne awo. Mutum ba zai tura dukiyarsa a kan littafin da bai taɓa da hannu ba sai da shaidar wanda ya amince da shi. A shekarar 2000 aka kafa wani kamfani mai suna CGC wanda aikinsa shi ne ya duba littafi shafi-shafi, ya ba shi maki daga rabi zuwa 10, ya rufe shi a cikin akwatin roba mai hatimi. Wancan Superman na 'yan'uwa uku maki 9 ya samu. Yagewa kaɗan a gefen bango, ko tsatsar ƙusar ɗinki, tana iya rage rabin kuɗin littafi, kamar dai yadda dillalin citta yake ware mai haske da mai baƙi-baƙi kafin a yi maganar farashi.

FIM SHI NE BABBAR SALLARSU

Mai kiwon rago ya san cewa ragon da ya sayar mako biyu kafin Babbar Sallah ba ɗaya yake da wanda ya sayar mako biyu bayanta ba, ko da kuwa tagwaye ne. Ya kuma san haɗarin jajibere, ranar da wani lokaci raguna sukan yi wa kasuwa yawa, masu saye sun riga sun saya, fatake suna neman kuɗin motar komawa gida. 'Yan kasuwar littattafan zane su ma suna da tasu Sallar, ita ce ranar fitowar fim.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Afirka shi ne na Black Panther, baƙin jarumin nan sarkin ƙagaggiyar ƙasar Wakanda. Stan Lee da Jack Kirby ne suka fito da shi a shekarar 1966, a fitowa ta 52 ta mujallar Fantastic Four. Shekara da shekaru wannan fitowa tana nan a matsayin littafi mai daraja daidai gwargwado. A watan Oktoba na 2014 kamfanin Marvel ya ba da sanarwar zai yi masa fim, aka nuna shi a cikin wani fim ɗin a 2016, nasa na kansa kuma ya fito a watan Fabrairu na 2018 ya tara fiye da dala biliyan 1 da miliyan 300 a duniya. A tsawon waɗannan shekaru masu neman littafin suka yi ta ƙaruwa, farashinsa yana bin su.

Abin lura a nan shi ne, gogaggun 'yan kasuwar ba su cika jiran ranar fim ba. Sukan sayar ne a tsakanin ranar da aka ba da sanarwa da ranar da aka saki tallar fim ɗin, lokacin da ɗoki ya kai maƙura, kowa yana tsammanin farashi zai ƙara hawa. In fim ya fito, duk mai kwafi a gida ya riga ya ji labari ya fito da nasa, kaya sun cika dandali, jajibere ke nan. In kuma fim ɗin bai karɓu ba, abin ya haɗu biyu. Haka ta faru da mujallar Eternals ta shekarar 1976, wadda da ma an buga ta da yawa. Jin za a yi mata fim ya sa ta tashi, fim ya fito a watan Nuwamba na 2021 bai gamsar da jama'a ba, ta sauko ta bar waɗanda suka saya a makare riƙe da kwantai.

A wancan gefen kuma, an sayar da fitowar farko ta Spider-Man ta shekarar 1962 a kan dala miliyan 3 da dubu 600 a watan Satumba na 2021, 'yan makonni bayan an saki tallar sabon fim ɗinsa, wata uku kafin fim ɗin ya fito. A watan Janairu na 2022, fim ɗin yana tsakiyar tashe, aka sayar da shafi guda ɗaya tak na zanen hannu wanda wani mai zane Mike Zeck ya yi a 1984, inda jarumin ya fara sa baƙaƙen kaya, a kan dala miliyan 3 da dubu 360.

Sai dai ba kowane kaya ne yake rawa da wannan kiɗa ba. Abin da guda ɗaya ne tak a duniya, ko 'yan ƙalilan, mai shi ne yake sa wa kasuwa rana. Motar Batman ta wasan talabijin na shekarar 1966, wadda George Barris ya saya daga kamfanin Ford a kan dala 1 ya gyara ta, ta zauna a hannunsa kusan shekara hamsin. Da ya ga dama ya kai ta gwanjo a watan Janairu na 2013, tayi ya tsaya a dala miliyan 4 da dubu 200, ba tare da wani fim ya taimake shi ba.

RANAR DA SITO YA CIKA

Labarin tsadar tsofaffin littattafai ya taɓa jefa Amurkawa cikin rami. A farkon shekarun 1990 jaridu suka yi ta yayata kuɗin da ake samu, sai jama'a suka ɗauka kowane littafin zane dukiya ne. Kamfanoni kuwa suka ga banza ta faɗi. A shekarar 1991 Marvel ya buga sabuwar fitowa ta ɗaya ta X-Men da bango iri-iri, aka sayar wa shaguna kimanin kwafi miliyan 8. A watan Nuwamba na 1992 kamfanin DC ya fitar da labarin mutuwar Superman, mutane suka yi layi a ƙofar shaguna, wani ya sayi biyar, wani goma, suka adana ba tare da sun buɗe ba, wai kuɗin karatun 'ya'yansu ne nan gaba.

Abin da suka manta shi ne, na 1938 ya yi tsada ne domin kowa ya zubar da nasa. Abin da mutum miliyan suka ɓoye a rana ɗaya ba zai taɓa yin wuyar samu ba. Ba a jima ba aka dawo da Superman da ransa, kasuwar ta rushe, dubban shaguna suka rufe, shi kansa Marvel ya kai kansa kotu a watan Disamba na 1996 yana neman kariya daga masu binsa bashi.

An sake ganin ƙaramin irin wannan a zamanin annobar korona. A shekarun 2020 da 2021 mutane suna zaune a gida, gwamnatin Amurka ta raba musu kuɗin tallafi, babu tafiya babu shaƙatawa, sai suka faɗa gwanjon intanet. Da aka shiga 2022, rayuwa ta yi tsada, babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa, farashin matsakaitan littattafai ya zube. Manyan nan na ƙoli ne kaɗai suka ci gaba da hawa, don masu sayensu ba su san zafin tsadar burodi ba.

DAƘIƘAR ƘARSHE

Gwanjon da aka sani a garuruwan Arewa na mai ƙararrawa ne, wanda ba ya rufe ciniki sai ya ga baki ya mutu. Na dandalin eBay, wanda aka kafa a shekarar 1995, agogo ne yake rufe shi. Mai kaya yakan zaɓi kwana ɗaya, ko uku, ko biyar, ko bakwai, ko goma, in lokacin ya cika ƙofa ta rufe ko da wani yana riƙe da kuɗi a hannu. Wannan ya haifar da wata dabara. Ƙwararren mai saye ba ya nuna kansa da wuri, don kada ya tayar da abokan hamayya. Yakan laɓe har sai saura 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan ya jefa tayinsa, yadda babu wanda zai sami sukunin ƙarawa. Har na'urori aka ƙera masu yi wa mutum wannan aiki yana barci.

Waɗansu masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, sun buga nazari a kan haka a shekarar 2002. Sun kwatanta eBay da gwanjon da kamfanin Amazon yake yi a wancan lokaci, wanda shi ba ya rufewa sai an yi minti goma babu sabon tayi. Suka tarar cewa tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa ƙwarai a eBay, musamman a kayan tarihi inda gwanaye ba sa son a gane abin da suka hango. Dabarar ma ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A Ingila ta ƙarni na 17 akan kunna guntun kyandir ne, wanda ya yi tayi na ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ne da kaya. Wani ma'aikacin hukumar jiragen ruwa, Samuel Pepys, ya rubuta a shekarar 1662 cewa ya ga wani mutum da kullum shi ke cinyewa, domin ya lura da yadda hayaƙi yake yi gab da mutuwar wutar.

Tun da yake a mintunan ƙarshe ake yin cinikin gaske, wajibi ne mai kaya ya sa gwanjonsa ya ƙare a lokacin da masu kuɗi suke farke kuma suke gida. Abin da 'yan kasuwar suka daɗe suna bi shi ne yammacin Lahadi a agogon Amurka, tare da kauce wa ranakun manyan bukukuwa da na wasan ƙwallo na ƙarshe. Ga mai sayarwa daga Nijeriya wannan yana nufin tsakar dare, domin a lokacin hunturu ƙarfe bakwai na yammacin Lahadi a Kalifoniya ƙarfe huɗu ne na asubahin Litinin a Kafanchan. Wanda ya ɗora kayansa da hantsi a nan, da hantsi gwanjonsa zai ƙare, lokacin da masu sayensa suke sharar barci. Ya zama kamar wanda ya kai doya Kasuwan Magani ranar Talata.

Sa'an nan akwai la'ada, wadda masu jin labari daga nesa ba su cika sa ta a lissafi ba. Waccan dala miliyan 9 da dubu 120 ta haɗa da kashi 20 cikin 100 da mai saye ya biya kamfanin gwanjo, watau tayin ƙarshe dala miliyan 7 da dubu 600 ne. Dandalin eBay shi ma yakan cire fiye da kashi goma cikin ɗari daga hannun mai sayarwa, ban da kuɗin aikawa da na inshora. Ɗan Nijeriya kuma yana da ƙarin agogo na uku, na canjin kuɗi. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma a watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500.

NA GIDA FA?

Ƙasar nan ma ta yi nata jaruman takarda. Daga shekarar 1968 zuwa 1972 kamfanin Drum ya riƙa buga mujallar African Film, mai ɗauke da labarin Lance Spearman cikin hotuna, ɗan sandan ciki mai hular malafa wanda 'yan makaranta daga Ikko har Nairobi suke rububinsa. A tsakanin 1975 da 1977 aka yi Powerman, baƙin jarumi mai tashi sama, wanda aka shirya musamman don kasuwar Nijeriya. Masu zana shi waɗansu samarin Ingila ne biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka zama manya a wannan sana'a a Amurka, har aka sake buga waɗansu daga cikin labaran a can a shekarar 1988. A 1976 kuma Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super. A gari irin Kafanchan, mahaɗar jiragen ƙasa inda jaridu da mujallu suke sauka daga kudu, waɗannan sun shiga hannun yara da yawa.

Kada mai karatu ya tashi ya birkice akwatin mahaifinsa da tsammanin miliyoyi, babu ɗayansu da ya kusanci wannan daraja. Amma wuyar samu kam sun yi ta, don abin da gara da laimar damina suka bari, masu ƙosai da masu tsire sun naɗe kaya da shi. Akwai kuma wani lokaci da ya shafe su wanda ya fi na fim tsawo. Mai sayen irin wannan kaya yawanci yaron da ya karanta shi ne a da, ya girma ya yi kuɗi, yana neman ƙuruciyarsa. A Amurka littattafan kaboyi sun yi tashe a hannun masu tarawa, da tsarar da ta tashi da su ta fara shuɗewa sai masu tayi suka ragu. Waɗanda suka karanta Spearman suna firamare yanzu sun ba shekara sittin baya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, sa'ar wancan littafi na Superman ce, kuma wanda ya tsinci fitowarta ta farkon zamani a gida zai fi kyauta wa jama'a in ya nufi Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da ita, kafin gara ta riga shi.

Akwai kuma kayan da ba su da ranar sayarwa ko kaɗan, kuma kudancin Kaduna ne gidansu. A shekarar 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jema'a ya tsinci kan mutum-mutumi na yumɓu, ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye har shekara guda, kafin a kai shi Jos gaban Bernard Fagg, wanda ya gane dangantakarsa da waɗanda aka tono a Nok tun 1928. A shekarun 1990 masu haƙa suka bazu a dazuzzukan yankin, suna sayar wa dillalai a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kayan suna ɓullowa a shagunan Faris da Brussels da tsadar gaske. Dokar soja mai lamba 77 ta shekarar 1979 ta haramta saye da sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Duk da haka gwamnatin Faransa ta sayi guda biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato daga hannun wani dillali a Beljiyam, ta baje su a gidan tarihi na Louvre a watan Afrilu na 2000. Bayan surutu ya yi yawa, a shekarar 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ake iya sabuntawa.